Ai Ba Karaya Ba Ce, Targaɗe Ne Kawai

Mu 'ya'yan mahauta akwai abin da muka riga 'yan boko gani. Tun ban san akwai wani darasi wai shi bayoloji ba, na san gwanin mahauci ba ya kai gatari gaɓa. Gatari na tsakiyar ƙashi ne. In aiki ya zo kan gaɓa, Baba wuƙa yake ɗauka, ya tanƙwara ƙafar, ya laluba da babban yatsa har ya ji inda kawunan ƙasusuwan suka haɗu, sannan ya bi waɗansu fararen jijiyoyi ya tsittsinke su da bakin wuƙa. Shi ke nan. Ƙafar da jiya take ɗauke da bajimin sa sai ta rabu biyu a hannunsa, ƙashi ko ɗaya bai fashe ba. Yaron da ya sari gaɓa kuwa ranar sai ya sha faɗa, don ya cika wa mutane nama da ɓarɓashin ƙashi.

Yanzu alli nake riƙewa. Ina koyar da bayoloji a wata sakandare a Zariya, amma duk shekara in muka iso babin ƙashi da gaɓoɓi, sai na biya kwata da sassafe na karɓo gaɓar sa ɗanya na kai aji. Zanen littafi yana nuna ƙashi 206 a jere, kowanne da sunansa, amma ba ya nuna wa yaro abin da ya hana su zubewa ƙasa.

Akwai wata magana da nake ji a filin ƙwallo, a bakin masallaci, a gidan suna, duk inda aka ga mutum yana ɗingishi: “Alhamdu lillahi, ai ba karaya ba ce, targaɗe ne kawai.” Godiyar daidai ce. Rainin ne ba na so. Na san mutanen da suka karye a ƙwauri aka gyara, yau su kansu sai sun yi tunani kafin su tuna wace ƙafa ce. Na kuma san waɗanda targaɗe ne kawai, amma shekara da shekaru ke nan ba su ƙara tsallake kwalbati da zuciya ɗaya ba.

Dalilin a launi yake, kuma duk wanda ya taɓa gyaran nama ya gan shi. Tsoka ja ce, jini ya cika ta. Ƙashi in ka fasa shi ɗanye, ga ɓargo, ga jini yana tsattsafowa. Jijiyar da ke ɗaure da gaɓa kuwa fara ce fat, ko ka yanka ta da ƙyar ka ga ɗigon jini. To jini ne ke kai wa jiki kayan gyara. Ƙashi in ya karye aka daidaita shi, galibi cikin mako 6 zuwa 12 ya haɗe, kuma da ƙashi sabo yake haɗewa. Farar jijiya in ta yage, da tabo take warkewa, tabon ba ya kai ƙarfin asali, kuma yakan yi watanni, wani lokaci har ya haura shekara, yana gyaruwa a hankali bayan zafin ya daɗe da tafiya.

Fararen nan iri biyu ne. Akwai wadda ke tasowa daga ƙarshen tsoka ta je ta kama ƙashi, ita ce agara. Tsoka ba ta iya turi ba, ja kawai ta sani. In ta tsuke sai ta ja agara, agara ta ja ƙashi, gaɓa ta motsa. Akwai kuma wadda ba ruwanta da tsoka, daga ƙashi ta fito, ta tsallake gaɓa, a ƙashi ta ƙare. Ita wannan jijiyar gaɓa ba ta motsa komai, aikinta ta tsai da gaɓa a iyakarta. Su biyun da zare ɗaya aka yi su, wani furotin da ake kira kolajin. Duk uwargida ta san shi ko da ba ta san sunansa ba. Shi ne ke sa romon ƙafar sa ya daskare a kwano in ya kwana, bayan wuta ta daɗe tana cinsa har ya narke.

Gaɓar da nake kaiwa aji ta ƙafar baya ce, can sama kusa da ciki, don ita ce gwiwar sa ta gaskiya, mai ƙoƙo irin namu. Abin da muke ce wa gwiwa a ƙafar gaba, wanda sa ke durƙusawa a kai, daidai yake da wuyan hannun mutum. Yara ba sa yarda da wannan sai sun bi ƙasusuwan da yatsa tun daga kafaɗa.

In na tsaga jakar da ta lulluɓe gaɓar, abin da ke fara fitowa ruwa ne ɗan kaɗan, mai yauƙi kamar na kuɓewa. Sai in ce kowa ya zo ya taɓa. A yi ta yamutsa fuska, amma daga ƙarshe kowa sai ya murza shi tsakanin yatsunsa. Daga nan sai kan ƙashin ya bayyana, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, yana sheƙi, yatsa ba ya tsayawa a kansa. Guringuntsi ke nan. A yawancin gaɓoɓin mutum kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne kacal, kuma a kan wannan ɗan abin muke tafiya rayuwarmu duka. Ba shi da jijiyar jini, ba shi da ta jin zafi. Da ruwan nan yake rayuwa. In ka taka, nauyinka ya matse shi ruwa ya fita, in ka ɗaga ƙafa ya tsotso sabo da abincin da ke ciki. Wato motsi ne ke ciyar da shi. Gaɓar da aka ɗaure aka hana ta motsi wata da watanni, guringuntsinta na zama da yunwa, jakarta ta tsuke, shi ya sa in an kwance ta sai a same ta a sandare.

Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai waɗansu guntayen guringuntsi biyu masu tauri, lanƙwasassu, da ke raba nauyi don kada ya taru wuri guda. A can tsakiya kuma, jijiyoyi biyu gajeru masu kauri sun gitta juna. Ta gaba tana hana ƙwauri zamewa gaba, ta baya tana hana shi zamewa baya. Wasu biyun suna gefe da gefe, suna hana gwiwa karkacewa ciki ko waje. A nan nake miƙa wa wanda ya fi kowa ƙarfi a ajin gaɓar, in ce ya zame min ƙasusuwan. Ya yi, ya yi, har jijiyar wuyansa ta fito. Sai in sa wuƙa in yanke ta gaban ita kaɗai, in ce sake. Ƙashin ya sulale gaba a hannunsa ba wani ƙarfi. Kusan kullum sai an samu wani daga baya ya ce, “Malam, wai wannan ce ACL ɗin?”

Ita ce. Sunan ta gaban ke nan a taƙaice da Turanci, kuma ita ce ta tsinke a gwiwar ɗan ƙwallon Liverpool Virgil van Dijk a watan Oktoban 2020, ranar da golan Everton, Jordan Pickford, ya shige shi. Mutumin da ke da likitocin Liverpool a bayansa, ba shi da wani aiki sai jinya, amma sai da ya kwashe wata tara kafin ya sake taka leda. Galibi ma ba sai wani ya taɓa mutum ba. Yana gudu, ya kafe ƙafa, ya juya jiki, sai ya ji ƙas a cikin gwiwa, kafin 'yan awoyi ta kumbura suntum saboda jinin da ya taru a ciki. Mata 'yan wasa sun fi maza gamuwa da wannan, ninki biyu ko fiye.

Abin da ya sa ba ta haɗewa da kanta shi ne mazauninta. A cikin ruwan gaɓa take, gudan jinin da ya kamata ya zauna tsakanin bakin biyu ya zama tushen gyara ba ya samun zama. 'Yar'uwarta ta gefen ciki, da yake ita ta fi samun jini, yawanci cikin makonni take haɗewa ba tare da an yi aiki ba. Ta gaban kuwa in ta tsinke gaba ɗaya kuma mutum yana son komawa wasa, likita ba ɗinke ta yake yi ba. Agara yake yankowa daga jikin mutumin, ko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, ya huda ƙasusuwan biyu ya zura ta, sannan a shiga gashi na wata tara zuwa shekara. Ba kowa ne sai an yi masa tiyata ba. Wanda ba tsalle da juyi ne sana'arsa ba, in ya dage ya ƙarfafa tsokar cinya, yana iya zama lafiya lau.

Waɗanda ke ba ni tausayi yaran unguwa ne. Kumburi ya sauka bayan wata guda, yaro ya ɗaura takalmi ya koma fili, gwiwa ta zame, ya huta, ya koma, ta sake zamewa. Kowace zamewa guringuntsi take ci. In an matsa masa ya je ya yi hoton ƙashi, a ce masa ba komai, ya dawo yana murna. Gaskiya aka faɗa masa, ba komai a ƙashin. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya. Hannun likitan da ya san aikinsa, irin waɗanda ake samu a asibitin ƙashi na Dala a Kano ko manyan asibitocin koyarwa, shi ke gano ta, ko kuma hoton MRI, wanda shi yana nuna jijiya, ga mai hali.

Targaɗen da kowa ya sani dai na idon sawu ne. Ka sauko daga babur ka taka dutse, ko rami ya ɗauke ka da dare, tafin ƙafa ya juya ciki, nauyinka duka ya sauka a gefen waje. Jijiyoyi uku ne a wannan gefen, kuma ta gaban ce ta fi rauni, ita ke fara yagewa. Wani lokaci miƙewa kawai ta yi, wani lokaci ta yage rabi, wani lokaci ta tsinke. Duka ukun sunansu targaɗe a bakinmu, duka ukun kuma wuri ɗaya ake kai su.

Ban raina masu ɗori ba. A unguwarmu akwai gidan da suka gada kaka da kakanni, na ga yadda suke zama da mai ciwo, su lallashe shi, su karɓi abin da ya sawwaƙa, a lokacin da asibiti ya yi nisa ko ya yi tsada. Amma abu biyu nake jayayya da su a kai, kuma na faɗa musu a gabansu. Na farko ja da murɗa. A danne mutum yana ihu, a ja ƙafar a murɗa wai ta koma. A targaɗe babu abin da ya goce balle ya koma, yagewar ake ƙara wa tsawo. Na biyu ɗaurin kara mai tsanani. A kwanakin farko wurin kumbura yake yi, in an ɗaure shi tam, kumburin ba shi da inda zai je sai ya matse hanyar jini. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan yaran da ake kawo musu hannu ya riga ya yi baƙi, babu abin yi sai yankewa, alhali karayar da aka fara da ita ƙarama ce. In an yi ɗauri, na gargajiya ko na asibiti, sai yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka mutu, ko zafi ya ƙi lafawa sai ƙaruwa, a kwance a take. Ba a jiran gari ya waye.

Yaya za a san wanda ya kamata a yi wa hoto? Likitocin gaggawa a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi a 1992, har yau da ita ake aiki. In mutum ba zai iya taku huɗu a kan ƙafar ba, ko da ɗingishi ne, ko kuma in an danna ƙashin idon sawun kansa, ta bayansa ko tsininsa, ya yi zafi, to a duba karaya. In ba haka ba, da wuya a samu ƙashi ya taɓu. Sai a ɗaga ƙafar sama, a sa mata sanyi, a naɗa bandeji ba tare da matsewa ba. Ruwan zafi da man zafi da muke gaggawar kawowa, a kwana biyun farko kumburi suke ƙarawa. Bayan 'yan kwanaki kuma a fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari, don sabon zaren da jiki ke saƙawa, nauyin da aka ɗora masa a hankali ne ke jera shi ya yi ƙarfi. Kwanciya mako uku ba gata ba ne.

Akwai wani aikin jijiyar gaɓa da ba a cika sani ba. Ban da ɗauri, tana kai rahoto. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin ji da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda gaɓa take a kowane lokaci, shi ya sa ko a duhu ka san ta ina ƙafarka ta karkata, tsoka ta gyara ta kafin ka ankara. In jijiyar ta yage, rahoton sai ya riƙa zuwa a makare. Wannan ne ke sa wanda ya yi targaɗe sau ɗaya ya yi ta maimaitawa a ƙafa ɗaya, har a fara cewa ko an yi masa wani abu ne. Maganin ba ya cin ko sisi. Ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai duk lokacin da kake asuwaki. In ka saba, ka rufe ido. In ka saba da wannan ma, ka hau kan matashi. Masu gashin ƙashi a asibiti abin da suke sa mutane ke nan, yaran da ke langa a dandali kuma kullum suna yi ba wanda ya sa su.

Agara kuma, babbarsu ita ce ta bayan dunduniya. Duk wanda ya shiga kwata ya ga yadda ake rataye sa: ƙugiya ake zurawa a ramin da ke tsakanin agara da ƙashi a ƙafar baya, a ɗaga, kuma ba ta tsinkewa. Ta mutum ma ita ce mafi kauri da ƙarfi a jiki. In kana gudu, nauyin da take ɗauka a kowane taku ya ninka nauyin jikinka sau da yawa, ta ɗan miƙe, ta dawo, ta cilla ka gaba. A 2013 wasu masu bincike a ƙasar Denmark sun gano wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da 1960 sun watsa wani nau'in sinadarin kabon a iska, ya shiga abinci, ya shiga jikin mutane, har ana iya gane shekarar da wani sashe na jiki ya ginu da shi. Da suka auna tsakiyar agarar dunduniya, sai suka ga tun mutum yana girma, zuwa kusan shekara 17, aka gina ta, daga nan kusan ba a sake sabunta ta ba. Wato ɗan shekara arba'in da ya ajiye mota ranar Asabar ya shiga fili ba ɗumama jiki, da agarar da ya yi jarrabawar gama sakandare yake son ya kai hari.

Su ne kuwa ta fi tsinke wa, maza tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma yawanci santimita 2 zuwa 6 sama da dunduniya, daidai inda jini ya fi ƙaranci. Mutum yakan juya yana neman wanda ya shure shi ta baya, ya ga ba kowa. Haka ta faru da David Beckham a watan Maris na 2010 yana buga wa AC Milan, ba wanda ke kusa da shi, ta kuwa raba shi da gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu. Haɗarin shi ne mutum yana iya ɗingisawa ya kai kansa gida, don akwai wasu ƙananan tsokoki da ke taimakawa, sai a ce targaɗe ne. Gwajin ba wuya. Ya kwanta rub da ciki, ƙafa ta leƙo daga bakin gado, a matse masa sha-raɓa. In tafin ƙafa ya motsa, agara na nan. In bai motsa ba, a nemi likitan ƙashi a makon, kafin bakin biyu su yi nisa da juna.

Bari in saka wata magana a nan tun da mu mutanen “ba ni maganin taifot” ne a kemis. Ciprofloxacin da danginsa suna iya raunana agara har ta tsinke, musamman ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan magunguna irin su prednisolone. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗin ɓaro-ɓaro a takardar maganin. Wanda yake sha ya fara jin ciwo a bayan dunduniya, ya koma wa likita kafin ya haɗiyi na gaba.

Ranar da aka yanka kaza a gidanmu, mu yara ƙafar muke rububi. Ka nemo farin zaren nan a inda aka yanke, ka ja, yatsun kazar su dunƙule, ka saki su buɗe, ka bi ƙannenka da ita suna ihu. Hannunmu ma haka yake. A cikin yatsun mutum babu tsoka. Riƙe damtsenka na ƙasa, kusa da gwiwar hannu, ka motsa yatsu, za ka ji inda aikin yake. Daga can agara ke sauka, guda tara suna bi ta wani matsattsen rami a wuyan hannu tare da wata jijiyar ji. In wurin ya kumbura, jijiyar jin ce ke matsuwa, mutum ya riƙa farkawa da dare babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu. Masu juna biyu da masu ciwon suga sun san wannan.

Cikin abokan sana'ar Baba akwai wani dattijo da manuniyarsa ta hagu a miƙe take har ya koma ga Allah. In ya dunƙule hannu, ita tana tsaye, yara na tsokanarsa wai kullum cikin tahiya yake. Wuƙa ce ta zame masa yana saurayi, yankan bai kai faɗin farce ba, aka sa masa magani aka ɗaure, fata ta warke cikin mako. Amma agarar da ke lanƙwasa yatsar ta tsinke, tsoka ta ja bakinta ya koma cikin tafin hannu, ba wanda ya sani. Ina tuna shi duk Babbar Sallah, ranar da mutanen da ba su riƙe wuƙa ba duk shekara ke zama mahauta. In wuƙa ta kama ka a cikin yatsa ko tafin hannu ko wuyan hannu, bayan an tsai da jini, ka lanƙwasa kowace gaɓa ta kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ƙi, ɗinkin fata ba zai gyara ta ba, aikin tiyata ne, kuma cikin kwanaki ake yinsa.

Kafaɗa ba zan daɗe a kanta ba. Raminta ba zurfi, shi ya sa ta fi kowace gaɓa juyawa, shi ya sa kuma ta fi kowace gocewa, kuma matashin da tasa ta goce sau ɗaya sau da yawa sai ta sake. Amma iyaye mata da yayye masu raino, ku ji wannan. A gwiwar hannun yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 akwai wata jijiya mai zagaye kan ƙashi, ba ta gama ƙwari ba. In an fizgi yaro da hannu ɗaya, ko za a cilla shi baya a goya, ko za a tsallakar da shi kwata, takan zame ta maƙale. Yaro ya yi kuka, ya saki hannun ya ƙi amfani da shi. Ma'aikacin lafiyar da ya san abin cikin ɗan lokaci yake mayar da ita. A ɗauki yaro ta hammata an huta.

Tambayar da ba ta taɓa wuce ni a aji ba ita ce ta matsa yatsu su yi ƙas. Iska ce da ke narke a ruwan gaɓa take yin kumfa in an buɗa gaɓar da sauri, shi ya sa sai an jira kamar minti 20 kafin ta sake yi. Wani likita a Amurka, Donald Unger, mahaifiyarsa ta ce masa zai jawo wa kansa amosanin gaɓa, shi kuwa ya yi fiye da shekara 60 yana matsa na hagu kaɗai, ya bar na dama. Ba a samu bambanci ba, har aka ba shi kyautar raha ta Ig Nobel a 2009. Duk da haka ba na bari a yi min a aji.

Gwaggona ta koma salla a kan kujera, kuma abin ya fi ciwon kansa damunta. Ita ce ta sa na karanta abin da ban karanta ba a makaranta game da gwiwar tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓa irin na zaizayewar guringuntsi, miliyan 365 a gwiwa, kuma kashi 60 cikin ɗari mata ne. Da yake guringuntsi ba ya jin zafi, yana iya shekaru yana cinyewa shiru, sai ƙashin ƙarƙashinsa da jakar gaɓar sun fara ƙorafi mutum zai sani. Gwaggo ta ce, “Ai ɗan nan, gwiwar ce ta ƙare, sai in lallaɓa sauran.” Lallaɓawar a wurinta ita ce zama. Na ce, “Gwaggo, zaman ne zai ƙarasa ta.” In an daina tafiya, tsokar cinya ta saki, nauyin da take ɗauke wa gwiwa ya koma kan gaɓar, ga jiki na ƙaruwa. An auna an ga duk kilo ɗaya da mutum ya rage, kusan kilo huɗu yake sauke wa gwiwarsa a kowane taku. Yanzu tana zagaya tsakar gida da safe, tana kuma miƙe ƙafa daga kan kujerar tana riƙewa, tana yi tana mita.

Abin da muka fi yin rigima a kai haɗin kemis ne, ƙwayoyin nan da ake ƙulla wa tsofaffi a leda ba suna ba takarda. Sau da yawa akwai diclofenac ko ɗan'uwansa a ciki, har biyu a ƙulli ɗaya, wani lokaci da dexamethasone. Ciwo na lafawa, gaskiya ne, amma ciki da ƙoda ne ke biya, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi laushi. Ta kuma tambaye ni ko ƙafar sa da ganda za su mayar mata da guringuntsin, tun da abu ɗaya ne. Ni ɗan mahauci ne, da na so in ce e. Amma ciki ba ya aika gwiwar sa zuwa gwiwar mutum, narkar da ita yake kamar kowane furotin, jiki ya raba yadda ya ga dama. Ta ci don daɗi, ta haɗa da gwaiba ko lemo, tun da jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C.

Akwai ciwon gaɓa iri biyu da ba na so a tsaya shawara a kansu. Mai sikila da ya fara jin ciwo a matsematsi ko kwatangwalo, yana ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, yana iya kasancewa jini ne ya daina isa kan ƙashin cinya, kuma gara a gano tun kan bai lotsa ba. Sai yaron da gaɓarsa guda ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ya ƙi yarda a taɓa ko a motsa ta. Kusan kullum za a samu wanda zai tuna cewa ya faɗi shekaranjiya, a ce targaɗe ne. Ƙwayar cuta in ta shiga ruwan gaɓa, cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi, kuma ba ya dawowa. Wannan yaron asibiti za a kai shi a daren, a zuƙo ruwan a duba.